Kifin da Ake Kamawa a Saki

A watan Maris, daidai lokacin da zafi ya fara gasa mu a Maraɗi da Damagaram, kowa yana neman inuwar dogon yaro da ruwan randa, akwai wasu mutane a arewa maso yammacin Amurka da ke tashi tun kafin asuba su shiga kogi mai sanyin ƙanƙara, ruwa har ƙugu, su wuni a tsaye suna jefa fatsa. Da yawansu sukan yi kwana uku, wani ma mako guda, kifi ko taɓa ƙugiya bai yi ba. Wanda kuma ya yi sa'a ya kama, doka ta ce ya sake shi, ko daga ruwa kada ya ɗaga shi. Sun san da haka tun kafin su baro gida. Duk da haka sai su biya kuɗin takardar izini, su zuba wa mota mai, su ɗauki ƴaƴansu su tafi.

Duk sa'ad da na ba abokan aikina malamai wannan labari, dariya ake yi. Wani ya ce aikin banza, makaho da waiwaye. Wani ya ce ƙoshi ne, wanda bai san yunwa ba shi ke wasa da abinci. Maganar ta biyu tana da nauyi, kuma zan dawo kanta. Amma ina so ku fara jin yadda abin yake, domin akwai wani abu a cikinsa da ya shafe mu, mu da muke riƙe da yara a aji da kuma a gida.

Na san zancen ne saboda na yi shekara guda a jihar Washinton, cikin wani shirin ƙaro ilimi na malamai. Jihar nake nufi, wadda ke can kusurwa a bakin tekun Pasifik kusa da Kanada, ba birnin da fadar shugabansu take ba. Wanda aka haɗa ni da shi malamin kimiyyar halittu ne kamar ni, yana koyar da yara ƴan shekara 11 zuwa 14. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma da an ambaci wannan kifi sai bakinsa ya buɗe. Da hunturu ya fara ja da baya sai ya ce in bi su, shi da ƴarsa mai shekara 12, mu yi kwana uku a kogin Hoh.

Kogin Hoh ba shi da tsawo, kilomita 90 ne kacal. Yana fitowa daga daskararriyar ƙanƙarar da ke kan dutsen Olympus, ya ratsa daji ya faɗa teku. Ruwan saman da ke zuba a wannan daji yakan kai mita uku da rabi a shekara, mu kuwa a Maraɗi in mun sami rabin mita mun gode. Itatuwan wurin dogaye ne har wuya ya gaji da kallo, gansakuka ta lulluɓe rassansu tana reto. Garin da masu kamun kifi ke sauka sunansa Forks, ƙaramin gari ne da ya tashi da sana'ar yankan katako, tafiyar kusan awa huɗu daga birnin Siyatil. Lokacin da muka je su suna kiransa farkon bazara, amma bazararsu ba irin tamu ba ce: yayyafi ba ya tsayawa, numfashi yana fita kamar hayaƙi, ruwan kogi kuma bai wuce digiri 5 ko 6 ba, wato sanyin ruwan firji.

Kifin da ake yi wa wannan wahala sunansa sitilhed, ma'ana mai kan ƙarfe. In ya fito daga teku sabo, bayansa duhu ne kamar baƙin ƙarfe, gefensa fari fat kamar azurfa. In ya yi makonni a kogi sai jan layi ya fito masa daga kumatu har wutsiya. Yawancinsu kilo 4 zuwa 5 ne, akan sami mai kilo 9. Asalinsa kogunan da ke zuba a arewacin Pasifik ne, tun daga Kamcatka ta ƙasar Rasha, ta Alaska da Kanada, har zuwa Kalifoniya. Jihar Washinton ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha tun 1969.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na malamin kimiyya shi ne cewa sitilhed da wani ƙaramin kifin rafi da suke kira mai bakan gizo jinsi ɗaya ne. Uwa ɗaya tana iya zuba ƙwai, wasu ƴaƴan su zauna a rafi har su mutu ba su fi tsawon hannu ba, wasu kuma bayan shekara biyu ko uku jikinsu ya sauya, su yi fari, su bi ruwa su gangara teku. Can za su yi shekara biyu ko uku suna yawon dubban kilomita, suna ci suna girma. In lokacin haihuwa ya yi sai su juyo. Masana sun nuna cewa ƙanshin ruwan da kifin ya tashi a ciki yana zama a ƙwaƙwalwarsa tun yana ƙarami, da shi yake gane bakin koginsu cikin ɗaruruwan koguna, har ya kai rafin da aka ƙyanƙyashe shi. Macen takan haƙa rami a cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya bi, ta rufe. Ɗan'uwansa salmon na Pasifik da ya haihu sai ya mutu. Sitilhed kuwa yana iya komawa teku ya sake dawowa, ko da yake kaɗan ne ke kai wa ga zuwa na biyu. Wannan ya sa sakin sa yake da ma'ana: wadda ka saki a Maris za ta zuba ƙwanta cikin makonni masu zuwa.

A waɗannan koguna kifin iri biyu ne, akwai ɗan kogi akwai ɗan kiwo. Ɗan kiwo shi ne wanda gwamnati ta ƙyanƙyashe a gidan kiwon kifi, irin wanda ke kan kogin Bogachiel kusa da Forks, aka ciyar da shi har ya isa tafiya, aka sake shi ya tafi teku. Kafin a sake shi akan yanke masa wani ɗan fiffike mai laushi da ke bayansa daf da wutsiya, wanda bai fi kan ɗan yatsa ba, kuma ba ya sake tsirowa. To, wannan ɗan fiffike shi ne alƙali. Kifin da ba shi da shi ɗan kiwo ne, kana iya kai shi gida. Wanda yake da shi ɗan kogi ne, kuma tun 2016 jihar ta haramta wa masu fatsa ɗaukarsa ko guda ɗaya. Ƴan kiwo sukan dawo a Disamba da Janairu. Ƴan kogi kuwa sai daga Fabrairu zuwa Afrilu suke shigowa da yawa. Ke nan duk wanda ya fita a Maris ya san kusan duk abin da zai kama na saki ne.

Me ya sa ba za a cika kogin da ƴan kiwo kowa ya huta ba? Na yi wa abokina wannan tambaya a hanya. Ya ce an gwada, shekaru da yawa. Wani bincike da aka yi a kogin Hood na jihar Oregon, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa kifin da aka yi kiwon iyayensa a hannu, in aka mai da shi kogi, ƙarfin haihuwarsa yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100 a kowane zubi na kiwo. Wanda ya saba a watso masa abinci daga sama a cikin kwamin siminti ba ya zama daidai da wanda ya tsira daga ambaliya da tsuntsaye da yunwa. In kuma suka cakuɗa da ƴan kogi wurin haihuwa, raunin yana shiga zuriya. Saboda haka ɗan kogi shi ne iri, shi ake tattali kamar yadda manomi ke tattalin zangarniyar da ya ware don shuka.

Kamun kansa ga yadda yake. Mutum yana sa wandon roba mai kai wa ƙirji, ya sa takalmin da ba ya santsi a kan duwatsu. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, in ruwa ya yi sanyi shi ma sai ya yi sanyi, ba ya bin abu da gudu. Yakan kwanta a ƙasa bayan wani dutse, inda zurfi ya kai mita ɗaya zuwa biyu, ruwa kuma yana tafiya daidai saurin mai tafiya a ƙasa. Ga shi kuma in ya shigo kogi ba abinci ya kawo shi ba, da ƙyar yake ci. Dole ka kai masa ƙugiyar har gaban hancinsa, a hankali, ko Allah zai sa ya fusata ya cafka. A lokacin da muka je an hana sa tana ko ƙwan kifi a ƙugiya, kuma dole a danne ɗan haƙorin nan da ke hana ƙugiya fita, don a iya zare ta ba tare da an yaga bakin kifi ba. Abin da ake ɗaurawa gashin tsuntsu ne da zare mai launi, shuɗi da baƙi ko ruwan hoda. Launin kogin ma sai an duba. Bayan ruwan sama mai ƙarfi yakan yi ja, kifi ba ya ganin komai. Sai ya fara sauka ya koma kore-kore, sannan ake sa rai.

Abokina yana amfani da doguwar sanda mai kusan mita 4 da ake riƙe wa da hannu biyu, salon da ya samo asali daga kogin Spey na Sikotilan. Zai jefa zare ya ƙetare ruwa, ya bar igiyar ruwa ta jawo shi a hankali har ya miƙe a ƙasa da shi, ya yi taku biyu ya gangara, ya sake jefawa. Jifa ɗaya, taku biyu, tun safe har yamma. Suna yi wa sitilhed kirari da kifin jifa dubu, kuma babu ƙari a ciki. Akwai ladabin da ba a rubuta ba amma kowa ya san shi: in ka iske wani a wuri, ba ka shiga ƙasa da shi ka tare masa ruwan da yake nufa. Ka koma sama, ka biyo bayansa. Haka kuma ba a taka wurin da tsakuwa ta yi haske kamar an share ta, domin ramin ƙwai ne. Ƴarsa ita ce ta nuna mini na farko, ta riƙe hannun rigata ta zagaya da ni.

Kwana biyu muka yi ba mu ga komai ba sai gaggafa mai farin kai da sawun manyan barewa a kan yashi. Ni dai bayan awa guda a ruwa ba na jin yatsun ƙafata, sai in fito in tsaya a bakin gaɓa in riƙe kofin shayi da hannu biyu. Na tuna karin maganar nan tamu, kifi na ganinka mai jar koma. Yarinyar tana amfani da gajeriyar sanda da ɗan ƙwallo mai yawo a saman ruwa, irin aikin da guntun kara ke yi wa yaranmu masu fatsa. Takan gaji, takan yi ƙorafi, takan zauna a kan gungume ta ci biskit. Uban bai taɓa ce mata ta yi haƙuri ba. Shi dai jifa ɗaya, taku biyu. Can sai ka ga ta tashi ta koma.

A rana ta uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ƙwallon nata ya nutse. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kifin ya yi tsalle ya fito gaba ɗaya daga ruwa, ya faɗa, ya ja zare ya gangara da gudu har ƙarfen naɗe zaren yana kuka. Tana ihu tana cewa, "Baba, karɓi, zai ƙwace!" Ya ce, "Naki ne. Ɗaga sandar, ki bar shi ya gudu." Ya tsaya a bayanta yana riƙe da ɗamarar wandonta don kada ruwa ya ja ta, amma bai taɓa sandar ba. An yi kamar minti goma kafin kifin ya gaji ya shigo cikin ragar da uban ya tara.

Mace ce, fara sol, ta kai kilo 5. Tun kafin uban ya buɗe baki yarinyar ta sunkuya ta duba bayan kifin, ta ce, "Tana da shi." Ta cire safar hannu, ta jiƙa hannuwanta, ta zare ƙugiyar da ɗan awartaki. Ta riƙe kifin ta wutsiya a cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, don ya sami numfashi. Hannuwanta sun yi ja jawur saboda sanyi. Bayan ɗan lokaci kifin ya murɗa jiki sau ɗaya, ya fantsama mata ruwa a fuska, ya ɓace. Duka-duka daga shigarsa raga zuwa tafiyarsa bai kai minti biyu ba.

A wannan wuri babu kowa sai mu uku. Mota tana da nisan tafiyar rabin awa a cikin daji. A kwana ukun da muka yi ban ga ma'aikacin gandun daji ko guda ba. Da muna komawa, yarinyar ta yi gaba tana rera waƙa, na tambayi uban: in da mutum zai sa kifin nan a jaka, wa zai sani? Ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ita."

Da dare ya nuna mini wani tsohon hoto a wayarsa. Mahaifinsa ne a bakin wannan kogi shekaru da dama da suka wuce, an jera manyan kifaye a kan ciyawa, shi kuma yana yaro a tsugune a gefe yana dariya. Ya ce mahaifinsa ba mugu ba ne, doka ce ta yarda a lokacin, kuma kowa yana ganin kifin ba zai ƙare ba. Ya ce uba ya koya masa yadda ake buga wa kifi sanda a ka, shi kuma yana koya wa ƴarsa yadda ake riƙe shi har ya farfaɗo. Abin da ke hana shi barci shi ne ko ƴaƴanta za su sami abin da za su riƙe.

Tsoronsa yana da dalili. Yawan ƴan kogi ya daɗe yana raguwa. Yankan daji da hanyoyin da aka fasa don jan katako sun sa laka tana gangarowa ta toshe tsakuwar da ƙwai ke numfashi a ciki. Ƙanƙarar duwatsu tana ja da baya, teku yana ɗumama, a wasu koguna kuma madatsun ruwa sun tare hanya. A 2007 gwamnatin tarayya ta sa sitilhed na yankin Puget Sound, inda Siyatil take, cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. Bayan na dawo gida abin ya ƙara tsanani: a ranar 1 ga Maris 2022 jihar ta rufe kamun sitilhed a kogunan gaɓar teku, har da Hoh, tun lokaci bai ƙare ba, saboda kifin da ya dawo bai kai yadda ake tsammani ba. Daga wannan rana har ƙarshen lokacin kamun na wannan shekara, ko kamawa a saki ba a bari ba.

Yanzu bari in koma ga wanda ya ce ƙoshi ne. A bakin kogin Hoh, inda ya haɗu da teku, akwai ƙaramar ƙabilar ƴan asalin ƙasar da ke ɗauke da sunan kogin. Su da raga suke kamawa, kuma ci suke yi, su sayar. A yarjejeniyoyin da kakanninsu da sauran ƙabilun yankin suka yi da gwamnatin Amurka a wajen 1855, sun ba da ƙasa amma sun riƙe haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba. Jihar ta shafe shekaru tana take wannan haƙƙi. Wani mutumin ƙabilar Nisqually mai suna Billy Frank ƙarami an kama shi fiye da sau 50 saboda kamun kifi a kogin kakanninsa, karo na farko yana ɗan shekara 14. Sai a 1974 alƙali George Boldt ya yanke hukunci cewa rabin kifin da ya halatta a kama na ƙabilun ne, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a 1979. Da yawa daga cikin waɗannan mutane suna ganin kama kifi a wahalar da shi a saki wasa da abinci ne, rashin girmama halitta ne. Abokina bai musa ba. Ya ce cikin waɗanda ake saki akwai kaɗan da ke mutuwa daga baya, komai kulawar mutum, kuma shi ya san don jin daɗinsa yake yi. Saboda haka ba zan je Tabalak ko bakin kogin Isa in ce wa masuncin da ke ciyar da iyali ya kama ya saki ba. Wanda ya faɗi haka bai san abin da yake faɗa ba.

Amma barin abu don gobe ba sai mai ƙoshi ba, kuma hujjar tana gonakinmu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona lokacin sassabe, suna rage masa rassa suna barin mai ƙarfi ya tashi. Waɗannan mutane yunwa suka sani, ba ƙoshi ba. Itacen girki suke buƙata a wannan rana, amma suka ɗaga adda suka wuce. Yau ana ƙiyasta filin da ya sake yin itatuwa ta wannan hanya da kusan hekta miliyan 5. Mai barin toho a gona da mai sakin kifi a kogi abu ɗaya suke yi, ko da yake na gona ya fi ɗanɗana tsadarsa.

Kuma abin da aka bari yakan dawo. A arewacin wannan yanki na Hoh akwai kogin Elwha, wanda aka datse a 1913 ba tare da an bar wa kifi hanya ba, aka ƙara madatsa ta biyu a 1927. Kusan shekara 100 kifin teku bai hau sama ba. Daga 2011 zuwa 2014 aka rushe madatsun biyu, aka kuma hana kamun kifi a kogin na tsawon shekaru. Ba a daɗe ba sai ga sitilhed a can saman kogin, har da irin da ke shigowa da rani wanda ake ganin ya ƙare. Masana suna ganin jikokin ƙananan masu bakan gizo ne da suka maƙale a sama tsawon wannan zamani, hanyar teku tana nan cikin jininsu, da aka buɗe ƙofa suka bi.

To, me ya sa yarinya ƴar shekara 12, bayan kwana uku cikin sanyi, ta duba fiffike tun kafin a ce ta duba? Na yi ta juya wannan tambaya, kuma abu uku na gani. Na farko, ta san dalili. A makarantu da yawa na jihar akan kawo ƙwan salmon a sa a akwatin gilashi a cikin aji, yara su riƙa auna sanyin ruwa suna rubutawa, su ga ƙyanƙyasa da idonsu, sannan su kai ƴan kifin rafi su saki. Ta yi wannan a firamare. Dokar a wurinta tana da fuska. Na biyu, ta ga ubanta yana bin dokar a ranar da bin ta ke da ciwo. Shi da ya yi kwana uku bai kama komai ba, bai taɓa taka ramin ƙwai don ya gajarta hanya ba, bai taɓa shiga gaban wani ba. Na uku, hannunta ne ya saki. Da uban ne ya karɓi sandar ya cire ƙugiyar ya tura kifin, da ta koyi cewa manya sukan ƙwace wa yara abu. Da yake ita ta riƙe, ita ta buɗe yatsunta, abin ya zama nata.

Mu malamai da iyaye muna yawan yi wa yara nasiha a kan amana da gaskiya, kuma nasiha tana da kyau. Amma yaro ba ya auna mu da abin da muka faɗa a gaban sufeto. Yana auna mu da abin da muka yi bayan motar sufeto ta tashi. Malamin da ke tsaron jarrabawa, ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya raɗa wa ɗalibi amsa, ya koyar da darasi, kuma duk ajin ya ɗauka. Uban da ya sare gawo da dare don ƴan gandun daji ba sa nan, ɗansa na riƙe masa fitila, shi ma ya koyar. Haka wanda ya ɗauki gidan sauron da aka ba shi don ƴaƴansa ya shiga tabki ya kwashe ƴan mitsi-mitsin kifi. Ba na cewa waɗannan mutane ba su da uzuri, talauci da tausayi da matsin dangi duk gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne akwai mai gani a wurin, kuma shi ne wanda muka fi so ya zama mutumin kirki.

Sau da yawa kuma muna tsallake abu na farko da na uku. Mukan ce kada ka yi, ba mu faɗi dalili ba, sannan mu ɓoye abin don kada yaro ya sami damar yi. Yaron da bai taɓa riƙe amana a hannunsa ba, ba mu san ko mai amana ne ba, shi ma bai sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa tana bukatar a taɓa iccen. A ba shi kuɗin cefane a bar shi ya kawo canji. A bar aji ya gyara takardun gwajinsa da kansa wata rana, malam yana zaune, bayan an yi maganar abin da maki na ƙarya ke jawowa. Wani zai ci amana, lalle. Gara ya ci ta a kan dala biyar yana shekara goma, muna kusa mu gyara, da ya ci ta a kan kuɗin jama'a yana shekara arba'in.

Sassabe yana tafe. Wanda yake da gona, in zai fita ya tafi da yaro. Ya nuna masa dalilin da ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, ya nuna masa yadda ake gane toho mai ƙarfi. Sannan ya miƙa masa addar, ya ja da baya taku biyu, ya bar shi ya zaɓi wanda za a bari.